Ƙofar da Iyaye Suka Kasa Samu: Yadda Muka Sake Gina Shafin Intanet na Wata Ƙungiyar Koyar da Fasaha

Ranar da na fara zuwa ofishin ƙungiyar, ban kai ga buɗe kwamfuta ba wayar kan tebur ta yi ƙara sau uku. Duk ukun tambayar ɗaya ce: yaushe ake ajin zane na yara, kuma ɗan shekara nawa ake ɗauka? Malamar da ke kula da rajista ta amsa cikin haƙuri, ta ajiye wayar, ta dube ni ta ce, "Malam, ka ga aikina ke nan tun safe. Kuma wallahi duk yana cikin shafinmu." Gaskiya ta faɗa, yana ciki. Sai dai ni da gina shafukan intanet ne sana'ata, sai da na latsa wuri huɗu kafin na iso gare shi, da na iso kuwa na tarar da takardar PDF mai ɗauke da jadawalin zangon da ya wuce.

Ƙungiyar ƙarama ce, ba ta neman riba. Tana koya wa yara da matasa zane, kiɗa, wasan kwaikwayo, ginin yumɓu da ɗaukar hoto, bayan an tashi daga makaranta da kuma ƙarshen mako. Ma'aikatanta ba su cika hannu biyu ba, sauran duk 'yan sa kai ne, kuma da tallafi da gudummawar jama'a take rayuwa. Abin da suka kira ni a kansa shi ne shafin ya tsufa, suna so a yi masa kwalliya: sabbin launuka, manyan hotuna, tambari ya fito sosai.

Tsufa kam ya tsufa. Wani ɗan sa kai ne ya gina shi shekaru da dama da suka wuce, daga baya harkokinsa suka kai shi wani wuri. Ɗakin nunin zane-zanen yara da fasahar Flash aka yi shi, wadda kamfanin Adobe ya daina kula da ita ranar 31 ga Disamba 2020, don haka inda ya kamata a ga aikin yara babu komai sai farin fili. Adireshin ba shi da kariyar HTTPS, wadda ke ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin mai ziyara da shafi, kuma tun Yulin 2018 burauzar Chrome take yi wa irin waɗannan shafuka tambarin rashin tsaro. Tambarin nan yana nan ƙuru-ƙuru a saman shafin da ake roƙon mutane su ba da gudummawa. A waya kuwa rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, sai ka buɗe da yatsu biyu, ka ja dama ka ja hagu. Tun 2010 Ethan Marcotte ya bayyana tsarin da shafi ke daidaita kansa da girman kowane allo, amma wannan shafi bai san an yi ba.

Duk waɗannan gyaransu ba wuya. Abin da ya fi damuna yana cikin jerin maɓallan da ke saman shafin: Manufa da Hangen Nesa, Sashen Shirye-shirye, Sashen Hulɗa da Al'umma, Kwamitin Amintattu, Rahotanni. Wannan taswirar ofis ce. Wanda ke aiki a ciki ya san ajin yumɓu yana ƙarƙashin Sashen Shirye-shirye, ajin da ake kaiwa makarantu kuma yana ƙarƙashin Hulɗa da Al'umma. Uwar da take son sa 'yarta a aji ina za ta san haka? Rubutun ma da harshen neman tallafi aka yi shi, domin daga takardun neman tallafi aka kwafo shi. Akwai dogon sakin layi a kan taron duniya na ilimin fasaha irin su zane da kiɗa da hukumar UNESCO ta yi a birnin Seoul a 2010, amma babu inda rubutun ya ce aji ƙarfe nawa yake farawa. Shafin yana ba da labarin ƙungiya ga mutanen da suka riga suka san ta, baƙon da ya zo da tambaya an bar shi a tsaye a waje.

Na ce musu kafin mu taɓa launi ko ɗaya, a ba ni mako biyu na saurare. Muka ajiye littafi kusa da waya, duk wanda ya kira ko ya aiko da saƙo, Malama ta rubuta tambayarsa da kalmomin da ya yi amfani da su, ba da kalmomin ofis ba. Wannan littafi shi ya zama ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a nan mai ɗakin ita ce mai ɗaga waya, ba kwamiti ba, ba kuma ni ba. Tambayoyin ba su da yawa, maimaita kansu suke yi: shekaru, rana da lokaci, wuri, ana biya ko kyauta ne, yaro zai zo da kayan aiki ko za a ba shi, kuma wanda bai taɓa riƙe buroshi ba zai iya shiga? Wannan ta ƙarshe ta taɓa ni. Iyaye da yawa suna ɗaukan wurin na yara masu baiwa ne kaɗai, kuma shafin, da manyan kalmominsa, yana ƙara tabbatar musu da hakan.

Daga nan muka gayyato mutum biyar su gwada tsohon shafin a gabanmu. Adadin ba kame-kame ba ne. Jakob Nielsen, masani a kan sauƙin amfani da manhajoji, ya yi bayani tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yana fito da mafi yawan matsalolin da ke akwai, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje sau da yawa da a yi babba sau ɗaya. Muka samu uba, da wata budurwa da ke son ajin hoto, da malamar makaranta, da wani da ya saba ba da gudummawa, da kuma wani makaɗi makaho da ke koyar da yara kiɗa a ƙungiyar.

Uban dattijo ne, wayarsa allonta ya tsage a kusurwa. Na roƙe shi ya nemi inda zai sa ɗansa a ajin zane, ya riƙa faɗin abin da yake tunani. Ya buɗe rubutu da yatsu biyu, ya so latsa maɓalli ɗaya yatsansa ya faɗa kan na kusa da shi, ya tsinci kansa a jerin sunayen 'yan kwamiti. Ya koma baya, ya sake gwadawa. Can ya ajiye wayar a cinya ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ni ban iya waɗannan abubuwan ba." Na ce, "Baba, ba kai ne ka kasa ba, shafin ne ya kasa." Shugabar ƙungiyar tana zaune a gefe, ba ta ce uffan ba, amma na ga fuskarta ta sauya. Duk bayanin da na yi mata a baya bai kai wannan minti biyun ba. Gani ya kori ji.

Makaɗin kuwa da manhajar karanta allo yake amfani, TalkBack a wayarsa, NVDA a kwamfuta. Ya ƙara murya don mu ji abin da yake ji. Muryar ta riƙa cewa hoto, hoto, hoto, sai kuma ta karanto sunan fayil harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Shekaru yana koyarwa a wurin, bai taɓa sanin abin da ke shafin ƙungiyarsa ba.

Tsarin maɓallan mun fitar da shi ne ta hanya mai sauƙi. Muka rubuta kowane abu da ke shafin a kan ɗan kati, muka ba mutane su kasa su kashi-kashi yadda ya yi musu daidai, su kuma raɗa wa kowane kashi suna. Babu wanda ya raɗa wa kashinsa Sashen Shirye-shirye. Abin da ya fito shi ne Azuzuwa, Aikin Yara, Makarantu, Taimaka Mana, da Su Wane Ne Mu.

Inda aka kai ruwa rana shi ne shafin farko. Shugabar mace ce da ta ba wannan aiki rayuwarta, kuma tana da hujja. Ta ce, "Malam, masu ba mu tallafi suna duba shafin nan kafin su sa hannu. In ba su ga manufarmu da tarihinmu a gaba ba, za su ɗauka mu 'yan koyo ne." Tana so jawabinta na maraba ya zauna a sama, da hotuna masu juyawa da kansu, da babban maɓallin gudummawa. Na ce, "Ranki ya daɗe, mai tallafi yana da lokaci da dalilin da zai nemi rahoto, zai kuma same shi da latsawa ɗaya. Uwar da ke duba waya tana tsaye ba ta da wannan lokacin. Kuma abin da ya fi gamsar da mai tallafi shi ne ya ga aji yana tafiya a wannan makon." Wanda ya raba gardamar shi ne mai ba da gudummawar nan da ya yi mana gwaji. Da aka tambaye shi me ya fara nema, ya ce ya so ya ga ko wurin yana nan da rai, domin labarin ƙarshe da ke shafin ya kwana biyu.

Muka tsaya a tsakiya, kuma ina ganin tsayawar ta yi kyau. Saman shafi ya zama jimla ɗaya da ke faɗin abin da ake yi da waɗanda ake yi wa, da hoto ɗaya tsayayye, da maɓallin neman aji. Maɓallin gudummawa yana nan a kusurwar kowane shafi, ba ya ɓuya, ba ya kuma tare hanya. Jawabin shugaba ya koma Su Wane Ne Mu, aka rage shi, ya ƙara daɗin karatu. Hotuna masu juyawa na tsaya kai da fata a kan a cire su: suna da nauyi, suna wucewa kafin mai karatu a hankali ya gama, kuma suna rikita manhajar karanta allo.

Kowane aji ya samu shafinsa, duk da tsari iri ɗaya, kuma tambayoyin littafin Malama ne jere daga sama zuwa ƙasa. Mun ƙara abu biyu: ko keken guragu yana iya shiga ɗakin, da kuma jimlar da muka sa a kowane ajin farawa, cewa ba sai yaro ya iya komai ba kafin ya zo. Fom ɗin rajista a da yana tambayar sana'ar iyaye, da makarantar yaro, da cikakken adireshin gida. Na bi layi-layi ina tambaya wa ke amfani da wannan amsar. Duk layin da aka rasa mai amfani da shi muka goge. Wannan ba don sauƙi kaɗai ba. Bayanan yara amana ce, kuma abin da ba ka tara ba ba za a sace maka ba. Dokoki ma sun tsananta a kai: dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki a Mayun 2018, Amurka kuma tana da dokar COPPA tun 1998 a kan bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13. Kowace ƙungiya sai ta duba dokar ƙasar da take aiki.

Ɓangaren da ya fi cin lokacinmu, wanda kuma na fi alfahari da shi, shi ne ɗakin nunin aikin yara. Tsofaffin hotunan akwai fuskokin yara da cikakkun sunayensu, kuma da aka bincika ba duka ke da takardar amincewar iyaye ba. Wasu hotunan ma da waya aka ɗauka, suna ɗauke da bayanan ɓoye da ake kira EXIF, waɗanda kan nuna daidai wurin da aka ɗauki hoton. Muka kafa ƙa'ida: aikin yaro ake nunawa, ba fuskarsa ba, sai in iyaye sun amince a rubuce. Suna na farko da shekaru kawai. A goge bayanan wuri kafin a ɗora. Kuma a tambayi yaron shi kansa, domin zanen nasa ne, ba na ƙungiya ba. Duk ranar da shi ko iyayensa suka ce a cire, a cire ba tare da neman dalili ba.

Sai maganar bayanin hoto, wato ɗan rubutun da manhajar karanta allo ke karanta wa makaho a madadin hoton. Ni na fara rubutawa, kuma abin da na rubuta ba shi da rai: zanen gida da bishiya, zanen tsuntsu mai launin shuɗi. Malamin zane ne ya ce me zai hana yaran su faɗa da bakinsu? Aka mayar da shi darasi. Kowane yaro aka ce ya kwatanta zanensa ga wanda ba ya gani. Wata yarinya ta ce nata tsuntsu ne da ya fi gidan girma, domin shi ne ya fara zama a wurin kafin a gina gidan. Ni da na kalli zanen na ɗauka ba ta iya auna girma ba ne. Muka riƙa haɗa biyun, gajeren kwatance na abin da ido ke gani a matsayin bayanin hoto, maganar yaro kuma a fili a ƙarƙashin zanen, kowa ya karanta. Ranar da makaɗin ya saurari sabon ɗakin nunin, ya bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, ya ce a faɗa wa mai tsuntsu yana son su gaisa.

A kan launi sai da na ɓata wa wasu rai. Launin ƙungiyar rawaya ne mai haske, kuma suna son rubutu da shi a kan fari. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa shafi ga masu buƙata ta musamman, na hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet, waɗanda sigarsu ta 2.2 ta fito a Oktoban 2023, sun ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1 ga rubutu na yau da kullum, 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Rawaya a kan fari ba ta ko kusa. Muka bar rawayar a matsayin ado da bango, rubutu ya zama mai duhu. Haka nan ajin da ya cika da wanda ke da gurbi, da ja da kore kaɗai ake bambanta su a da, alhali kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da matsalar bambance launi, galibi ja da kore. Muka rubuta kalmar a fili. Maɓallai muka yi su manya, sun wuce mafi ƙarancin girman da ƙa'idar ta gindaya na ɗigon allo 24 a tsaye da 24 a kwance, saboda yatsan Baba. Bidiyoyin wasan kwaikwayo aka sa musu rubutun abin da ake faɗa domin kurame. Wani salon haruffa da kowa ya so kuma muka yar da shi, saboda ba shi da ƙ da ɗ da ɓ, sunan yaro sai ya fito da ɗan akwati a tsakiyarsa.

Nauyin hotuna ma an yi ja-in-ja. Malamin zane ya ce in aka matse hoto launi yana mutuwa, kuma bai yi ƙarya ba. Amma hoton da ya fito kai tsaye daga kyamara yana cinye data, a kan intanet mai rauni kuma mutum zai gaji ya tafi kafin ya buɗe. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Muka mayar da hotunan tsarin WebP mai rage nauyin hoto, ƙananan su fara fitowa, kowanne sai an gangaro kusa da shi yake saukowa, wanda ke son ganin zanen da cikakken kyansa ya latsa ya buɗe babban.

Mun gina shafin a kan WordPress, manhajar gina shafuka da take nan tun 2003, ba don ta fi kowace ba, sai don samun wanda ya iya ta ba zai yi musu wuya ba bayan tafiyata. Ƙarin manhajoji kaɗan muka sa, domin kowace ɗaya ƙofa ce da sai an riƙa duba makullinta. Takardar tsaro ta HTTPS daga Let's Encrypt muka karɓa, kyauta take. Sunan adireshin kuwa ashe da sunan tsohon ɗan sa kan aka yi masa rajista. Allah ya sa mutumin kirki ne, aka neme shi ya mayar wa ƙungiya. Yanzu komai da sunan ƙungiya yake, mutum biyu ke riƙe da kalmar sirri, kuma shiga sai da tabbaci mai mataki biyu.

Shugaba ta so a buɗe sabon shafin da biki a makon ilimin fasaha na duniya, wanda UNESCO ta keɓe wa mako na huɗu na watan Mayu. Na ba da shawarar a buɗe shiru tun kafin nan, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan shawara ta cece mu, domin na yi kuskure. Na karkatar da tsofaffin adireshi zuwa sababbi da umarnin 301, don kada mai tsohon mahaɗi ya ɓata, amma na bi jerin shafukan da ke cikin shafin ne kawai. Ban san akwai wani gajeren adireshi da aka buga a takardun talla aka raba a makarantu ba. Kwana uku duk wanda ya bi shi yana cin karo da saƙon 404 mai cewa ba a sami shafin ba, har wata malamar makaranta ta kira. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba, amma tun daga lokacin, kafin na rufe tsohon shafi nakan ce a kawo mini duk takardar da aka taɓa bugawa da adireshi a jikinta.

Ba komai ne ya yi nasara ba. Sashen labarai da kwamiti ya dage a sa, an rubuta a cikinsa sau biyu aka bari, domin babu wanda aikinsa ne. Daga baya muka cire shi, muka bar ɗakin nunin aikin yara ya zama shaidar cewa wurin yana motsi, tunda shi malamai da kansu suke ɗokin sabuntawa. Fassara shafin zuwa harshe na biyu tana nan tana jiran wanda zai ɗauki nauyin kula da ita, domin ban yarda a fassara yau a bar ta ta tsufa gobe ba.

Makon ƙarshe a teburin Malama na yi shi. Ban taɓa linzamin kwamfuta ba, ita ta riƙe. Ta buɗe sabon aji, ta sauya lokacin wani, ta rufe wanda ya cika, ta ɗora zane ta rubuta bayaninsa. Inda ta tsaya tana tunani, nan na san da sauran gyara a wurina, na gyara. Muka rubuta matakan a takarda ɗaya da kalmominta, ta liƙa a bango. Kowane aji yana da ranar ƙarewa, in ta wuce sai ya sauka da kansa, don kada jadawalin bara ya sake zama a gaba.

Bayan wata uku na koma. Littafin yana nan kusa da waya, ba ta daina rubutu ba. Na buɗe shafukan baya-bayan nan: wata uwa tana tambaya ko 'yarta mai jin kunya za ta iya zama ta kalla a ranar farko kafin ta shiga, wani kuma yana tambaya ko akwai ajin manya, domin ya ga zanen ɗansa a shafin shi ma abin ya ba shi sha'awa. Malama ta ce ta farkon ta riga ta ƙara amsarta a shafin kowane aji da kanta. Ta biyun kuma ta kai wa shugaba, za a tattauna a zaman kwamiti mai zuwa.